Zuwa ga ɗana mai dawowa gida ta ruwa

Assalamu alaikum, Babangida.

Bayan gaisuwa, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna lafiya. Saƙonka ya iso cewa za ka sauka Yawuri, ka tsallako daga Zamare zuwa Rofiya, sannan ka biyo ƙaramin jirgi zuwa gida. Allah ya kawo ka lafiya. Sai dai shekara 12 ba kwana 12 ba ce, kuma iyon da ka koya kana yaro ba zai fid da kai daga tsakiyar Kwara da jaka a wuya ba.

Ka shiga ruwa da safe. A farkon damina hadari yakan taso daga gabas bayan la'asar, iska ta riga ruwan sama isowa, kafin matuƙi ya kai gaɓa igiyar ruwa ta fara faɗawa cikin jirgi. Da dare kuwa ko kyauta aka ce ka hau, ka ƙi. Tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968 itatuwa suka nutse a tsaye, kututturensu na nan har yau. Idan ruwa ya janye sukan matso dab da sama. Matuƙi da ido yake kauce musu, a duhu kuwa sai dai ya ji ƙarar katako.

Kafin ka biya kuɗi, tsaya a gaɓa ka bari a gama lodi. Dubi tazarar bakin jirgi da ruwa: in ba ta kai taƙi guda na hannunka ba, ka jira wani, ko da za ka kwana a Zamare. Leƙa cikinsa. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, amma in yaron jirgi yana ta kwarfa tun ba a tashi ba, haɗin katakon ya saki. Babura da buhunan hatsi su kasance a tsakiya, a ɗaure. Jirgin da aka ɗora wa shanu kada ka shiga, domin in ɗaya ta firgita duk gefe guda suke komawa. Ka tuna jirgin da ya kife kusa da Wara a watan Mayun 2021 da mutum fiye da 150. Tsufan jirgi da yawan lodi ne suka ci su.

Ka tambayi matuƙi, cikin ladabi, ko yana da ƙarin mai da fulogi da filafili. Ragar masunta ko ciyawa takan naɗe farfela, inji ya mutu, jirgi ya ba igiyar ruwa haƙarƙari. A nan ake kifewa.

Ka sayo rigarka ta hana nutsewa tun daga can, ka ɗaure maɗauranta duka, ba ratayawa kawai ba. Babbar riga da takalmi sau-ciki su zauna a jaka. Waya da takardu a leda biyu. In abin da ba a fata ya auku, ka riƙe jikin jirgin ko jarkar da ba komai a ciki mai murfi, ka kuma nisanci cunkoso, don mai nutsewa ba ya sakin wanda ya kama.

Da ka sa ƙafa ka ce Bismillahi majreha wa mursaha. Ka kira ni daga Zamare, kawunka zai jira ka a mashiga. Kafin ka kwance tsaraba za mu je gaida mai gari, daga nan mu wuce kabarin kakarka.

Mahaifinka.