Rigimar Mayar da Kuɗi a Kasuwannin Intanet: Ban-Haƙurin da Ke Cinye Wa'adi

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata matsala da ke ƙaruwa tun da sayayya ta koma cikin waya, wato rigimar da ke tashi idan mutum ya sayi kaya a kasuwar intanet, saƙo ya iso, ya buɗe ya tarar ba abin da aka siffanta masa ba ne. An rubuta a talla cewa memorin wayar gigabait 128 ne, sai ga shi 64. An ce jakar fata ce zalla, sai ga roba tana ɓarewa tun a makon farko. An ce injin sabo ne fil, sai ga ƙarce-ƙarce a jikinsa. A ganina, yawancin waɗanda ke asarar kuɗinsu a irin wannan rigima suna da gaskiya. Abin da ke kayar da su shi ne sun tsaya sauraron ban-haƙuri har wa'adi ya wuce, ko kuma sun yarda an fitar da maganar daga inda take da shaida.

Ya kamata mai saye ya san cewa a irin waɗannan kasuwanni, sau da yawa ba kamfanin da sunansa ke saman shafi ne ke sayar masa da kaya ba. Kamfanin dillali ne, mai kayan kuwa wani ne daban, wataƙila ma a wata nahiya yake. Saboda haka ne manyan kasuwannin suka kafa tsarin raba gardama, kuma tsarin yana bambanta abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa: wanda ya ga kaya ya ji ba ya so, da wanda aka aiko masa da abin da ya saɓa wa talla. Na farko yana ƙarƙashin sharaɗin mai kaya, kuma galibi shi zai biya kuɗin mayarwa. Na biyu haƙƙi gare shi. A eBay, alal misali, idan kaya suka saɓa wa bayanin da aka yi a kansu, dole mai sayarwa ya karɓe su ya kuma ɗauki nauyin kuɗin mayarwa, ko da ya rubuta ɓaro-ɓaro a tallarsa cewa ba ya karɓar kayan da aka saya. Mutumin da ya yi gaggawa wajen cike ƙorafi ya latsa dalilin "na fasa", alhali algus aka yi masa, ya zubar da wannan haƙƙi da hannunsa.

Dokokin ƙasashe ma a kan wannan turba suke. A Tarayyar Turai, dokar 2011 ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba, amma sai idan daga ɗan kasuwa ya saya, ban da mutumin da ke sayar da tsohon kayansa. A Ingila, dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kayan da suka saɓa wa siffarsu a karɓi kuɗi cif. Dokar kare mai saye ta Najeriya ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ita ma ta tanadi cewa kaya su dace da bayanin da aka yi a kansu. Sai dai doka tana da nisa idan mai kaya yana ƙetare, shi ya sa tsarin kasuwar kansa ne mafaka ta farko.

Wannan tsari kuwa da agogo yake aiki, kuma a nan ne nake so in daɗe. A eBay mai saye yana da kwana 30 daga ranar da kaya suka iso domin ya shigar da ƙorafi, mai sayarwa kuma yana da ranakun aiki 3 ya ba da amsa, bayan haka sai a nemi kamfanin ya shiga tsakani. A Amazon, idan daga wani ɗan kasuwa aka saya, ana fara tuntuɓarsa, a jira awa 48, sannan a ɗaukaka maganar. A PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ƙorafin da aka buɗe yana rufe kansa bayan kwana 20 idan ba a miƙa shi ga kamfanin ya yanke hukunci ba, kuma wanda aka rufe ba ya buɗuwa. Mai kayan da ba ya da niyyar biya ya san waɗannan ranaku sarai, ya fi mai saye saninsu. Ba zai yi musu ba, ba zai yi faɗa ba. Zai ce, "Ka yi haƙuri, kuskure aka samu wajen ɗaure kaya, na riga na aiko maka da wani, ka jira mako biyu." Idan mako biyun suka cika, sai ya ce saƙon ya maƙale a hanya, a ƙara masa kwana goma. Wani kuma zai ce, "Ka rufe ƙorafin tukuna, domin kamfani ya riƙe mini kuɗi, da ka rufe zan tura maka naka." Mutumin kirki yakan ji nauyin ya ƙi, ganin an yi masa magana mai daɗi, alhali babu wani rashin ladabi a ce wa mai kaya ƙorafin zai zauna a buɗe har kuɗi su shigo. Mai gaskiya ba ya asarar komai idan ƙorafi ya zauna a buɗe, domin da zarar ya biya, maganar ta mutu.

Haka nan batun fita daga shafin kasuwar. Duk saƙon da aka yi musaya a cikin manhajar, mai raba gardama yana iya karanta shi. Abin da aka faɗa a WhatsApp ko a kiran waya kuwa, sau da yawa ba ya shiga lissafi. Biya ma haka ne. Wanda ya yarda ya tura kuɗi kai-tsaye zuwa asusun mai kaya saboda an yi masa ɗan ragi ya fita daga inuwar kariya, kamar yadda PayPal ba ya kare kuɗin da aka aika ta sashen 'yan uwa da abokai, kuma Facebook Marketplace ba ya ɗaukar alhakin cinikin da aka biya hannu da hannu. Sayen kayan da ido bai gani ba dama cinikin biri a sama ne, to ina ga an biya ta hanyar da babu mai iya dawo da kuɗin?

Shaida kuma tun kafin rigima ake tara ta. A ɗauki hoton tallar ranar da aka saya, da duk bayanin da ke ƙarƙashinta, domin mai kaya yana iya gyara ta ko ya goge ta daga baya. Idan saƙo ya iso, a kunna bidiyo kafin a yanke salatif, a nuna takardar da ke manne a kwali da lambar bibiyar kaya, a buɗe ba tare da an tsayar da ɗauka ba, sannan a haska lambar na'urar da inda aibin yake. Wajen rubuta ƙorafi, zagi da dogon labari ba sa amfanar kowa. Layi biyu sun isa, ɗaya ya ce ga abin da talla ta faɗa, ɗaya ya ce ga abin da ya iso, hotuna kuma su biyo baya. Idan aka ce a mayar da kaya, a mayar ta hanyar da ke da lambar bibiya, a adana rasit.

Idan duk wannan bai yi ba, wanda ya biya da katin banki yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin, kuma a tsarin Visa da Mastercard wa'adin yakan kai kwana 120. Amma wannan makamin ƙarshe ne, domin kasuwa irin eBay takan rufe nata binciken da zarar an kai magana banki.

Ba zan yi adalci ba idan ban ce akwai masu saye da ke zaluntar masu sayarwa ba, waɗanda ke karɓar sabon kaya su mayar da tsoho, ko su aika da kwali babu komai. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ma ya rubuta lambar na'urarsa, ya ɗauki bidiyon ɗaure kaya, ya kuma faɗi aibin kayansa a talla tun farko.

Ƙorafina ga su kansu kasuwannin shi ne yadda wasunsu ke cewa sai mai saye ya mayar da kaya zuwa wata ƙasa da kuɗin aljihunsa kafin a biya shi, alhali kuɗin aikawar ya fi na kayan. Da haka mutum yake haƙura ya karɓi rabin kuɗinsa, mai algus kuma ya ci gaba da tallarsa yadda take. Ina kira ga hukumomin kare mai saye su tilasta cewa duk inda aka tabbatar kaya sun saɓa wa talla, mai kaya ne zai biya kuɗin mayarwa tun kafin a aika, a kuma rubuta ranar da wa'adin ƙorafi zai ƙare a fili a kan rasit ɗin kowane ciniki.

Naka,
Wani mai karatu