Wasiƙa daga Las Palmas: matuƙin da ba ya barci

Aminina Sarkin Jirgi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya jikin Inna, ya kuma ruwa? Ka yi haƙuri da shiruna. Nuwamba ne, kuma a watan nan abinci ma a tsaye muke cinsa a shagonmu na gyaran jiragen ruwa.

Tun 1986, duk ƙarshen Nuwamba ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska kan taru a nan Las Palmas, a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, su tashi tare su tsallaka Tekun Atilantika, taron da ake kira ARC. Tsibirin Sant Lusiya da ke yankin Karibiyan suke nufa, kimanin mil 2,700 na teku, wajen mako uku ba ganin ƙasa. Wani jirgin daga miji sai mata. To ka ga ai mutum biyu ba sa riƙe sitiyari dare da rana har tsawon haka. Shi ya sa otofailot ɗin da ka tambaye ni, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya fi komai kawo mana aiki.

Ba wani siddabaru a ciki. Akwai kamfas na lantarki da ke sanin inda hancin jirgi ya dosa, da ɗan akwatin kwamfuta, sai hannun ƙarfe mai tura allon da ke juya jirgi. Ƙaramin cikinsu, irin Raymarine ST2000, bai fi tsawon hannunka ba, batir mai bolt 12 yake sha. Ka saita jirgi inda kake so, ka danna maɓalli, shi ke nan ya karɓa. In igiyar ruwa ta kauce da shi, sai ka ji ɗan kuka, zzz, ya dawo da shi kan hanya. In kana son ɗan juyawa, akwai maɓallin digiri 1 da na digiri 10, dama ko hagu.

Makon jiya wani dattijo ya zo ransa a ɓace, wai nasa ya haukace, jirgi sai tangaɗi yake kamar ɗan giya. Na kwana biyu ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba, har na fara jin kunyar maigidana. Rana ta uku na ɗaga katifar gadonsu, inda aka kafa kamfas ɗin. Wallahi gwangwanayen tumatir da na kifi ne jibge a jikinsa, guzurin mako uku! Kamfas da maganaɗisun ƙasa yake aiki, ƙarfe kusa da shi kuwa ruɗa shi yake. Muka kwashe su, muka fita bayan tasha muna zagaye a hankali har na'urar ta sake gane arewa. Dattijon da matarsa kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya ajiye su. Ni dai na karɓi kuɗina ban raba gardama ba.

Aibinsa cin batir, musamman in ruwa na bugowa ta baya, don hannun ba ya hutawa. Shi ya sa masu dogon zango da yawa ke ƙara wani a bayan jirgi, irin Hydrovane, wanda ba ruwansa da lantarki. Wani faifai ne a tsaye da iska ke karkatarwa, shi kuma ya juya jirgin. Shi na fi so, don in ya lalace da sifana ake gyara shi. Sai dai iska yake bi, in ta sauya ya sauya da ita.

Dukkansu fa ba su da ido. Dokar teku ma ta wajabta a bar mai tsaro ko da yaushe, sai su riƙa karɓa-karɓa, awa uku ko huɗu. Abin da ke tsinka min zuciya shi ne mai tsaron ya zame ya faɗa ruwa da dare, abokinsa na barci. Jirgi ba zai tsaya ba, haka zai yi ta tafiya, ɗoɗar. Don haka suke ɗaure kansu da igiya a jikin jirgi.

Batun ko zai yi a jirginka na Yawuri, ban ba ka shawara ba. Wannan abu na fili ne, inda za ka miƙe awa goma ba kwana. Kai kuwa ga tudun yashi da ke sauya wuri duk shekara, ga kututture a nutse, ga komar Sarkawa, ga dorina. Kai da launin ruwa kake gane zurfi, shi ko ina ya san wannan? Kuɗin nan ka sayi rigunan ruwa ga fasinjoji. Na tara guda shida masu kyau da masu jirage suka bar mana, biyu na yara ne, zan ba mai zuwa gida bayan jiragen sun tashi.

Ka gaida Inna da amarya da yara. In ka samu mai tahowa, a sako min yajin daddawa, wanda na zo da shi ya ƙare tun da azumi.

Naka har kullum,
Amininka