Wai wa ya kawo kuɗin makarantun gwamnati?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wannan musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a Kano, na wai wa ya kawo kuɗin gyaran makarantun gwamnati. Duk dare in ka kunna rediyo sojojin baka ne, wannan ya ce maigidansa ne ya fara ware wa ilimi kuɗi, wancan ya ce ƙarya ne nasa maigidan ne ya tarar da abin a mace ya tashe shi, a Facebook kuma yara sun raba gari biyu ana ta ɗora hoton aji kafin fenti da bayan fenti ana zagin iyayen juna.

To ni tambayata, kuɗin daga aljihun wa suka fito? Da yawa daga cikin ajujuwan firamare da ake wannan faɗan a kansu da kuɗin asusun UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, aka gina su. Dokar 2004 ce ta ce a riƙa cire kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a wannan asusu, jiha kuma ba ta isa ta ɗauki rabonta ba sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta, sannan SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta ba da kwangila. Ka ga ke nan gwamnan da ya biya kason jiha a kan lokaci ya yi abin kirki, a yaba masa ba laifi, amma fa ba gonarsa ya sayar ba. Harajin ɗan kasuwar Kwari ne da ɗan kasuwar Singa da wanda ake yanka a albashin ma'aikaci tun kafin ya ga alat. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Kuma wallahi abin da ke ba ni mamaki, asusun da ya fi kowanne aiki a harkar ilimi a ƙasar nan babu ɗan siyasar da ake yi wa kirari da shi. TETFund nake nufi, asusun tallafa wa manyan makarantu. Asalinsa yajin aikin ASUU ne, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 1992 lokacin Farfesa Attahiru Jega yana shugabanta, su suka matsa wa gwamnatin Babangida lamba har aka yi dokar 1993 da ta sa kamfanoni biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu saboda ilimi, a 2011 aka mayar da shi na manyan makarantu zalla. Ka shiga BUK ka ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da tambarin asusun nan, ko ɗaya babu hoton Jega a jiki, kuma gwamnatoci nawa aka yi aka shuɗe yana nan. Ni a ganina rashin mai shi ɗin ne ma ya sa ya daɗe. Ko a nan gida a shekarun 1980 su marigayi Alhaji Aminu Dantata sun tsaya an kafa Gidauniyar Jihar Kano don tallafa wa ilimi da masu ƙananan sana'o'i, sunan Kano aka sa mata ba sunan wani attajiri ba.

Yanzu kuwa abu ya koma na hula. Da an ce asusun nan ko ginin nan na wane ne, shi ke nan ranar da ya sauka wanda ya gaje shi ba zai waiwaye shi ba, don in ya ƙarasa wai sunan abokin hamayya zai ɗaga. Ina cikin kwamitin iyayen yara na wata firamare a nan cikin gari, akwai wani gini mai aji huɗu da aka kai shi linta aka bari, yau ciyawa ce a ciki da awakin unguwa, a gefensa kuma an zo an kafa sabon harsashi da ƙaton allo mai hoton wani ɗan majalisa yana murmushi. Allon kansa ƙarfe ne mai kauri da fenti mai kyau, kuɗinsa sai ya yi benci da yawa. Yaran aji uku kuwa a ƙasa suke zama kan buhunan da suke zuwa da su daga gida, masai a kulle saboda ba ruwa, in damina ta zo malama sai ta tattara su kusurwar da kwano bai yaye ba.

Ba na cewa ba wanda ya yi komai. Kwankwaso ya gina ajujuwa masu bene ya ciyar da yara, Shekarau malamin makaranta ne tun asali, Ganduje ya ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, Abba ya sa dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Kowa da nasa, magoya baya su je su yi ta lissafi. Amma yaron da ya shiga aji ɗaya a ƙarshen mulkin wani a mulkin wani zai gama aji shida, shi ina ruwansa da launin fenti.

Abin da nake roƙo a wajen majalisar dokokin jiha, duk wani asusu ko gidauniya ta ilimi a hana sa mata sunan mai mulki ko hotonsa, a sa amintattu har da wakilan malamai da na iyaye waɗanda wa'adinsu ba zai ƙare tare da na gwamna ba. Allon da ake kafawa a ƙofar makaranta kuma a rubuta mana nawa aka ware, daga wane asusu, wane kamfani aka ba, yaushe zai gama, da Hausa yadda mai gadi ma zai iya karantawa. Ku ma 'yan jarida Malam Edita, in sojan baka ya zo ya ce maigidansa ya kawo biliyan kaza, ku ce ya kawo takardar, sannan ku tura wakilinku makarantar ya leƙa ajin ya gani ko akwai benci.

Na gode,
Wani uba daga ƙaramar hukumar Gwale, Kano