Wasiƙa Zuwa ga Ummi, kan Kama Baki

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji yadda kika ja da malaminku kan wata mas'ala, samarin aji suka ce mace ba ta da ta cewa a nan. Kin ce daga yau kin kama bakinki. Ni dai ban yarda ba.

Akwai wata sista 'yar Katolika, Sor Juana Inés de la Cruz, a birnin Meziko zamanin da Sifaniya ke mulkin ƙasar. A 1690 ta rubuta suka kan wani wa'azin António Vieira, shahararren limami ɗan Fotugal. Bishop na garin Puebla ya buga rubutun ba da izininta ba, ya haɗa da wasiƙa da sunan mace, wai Sor Filotea, yana ja mata kunne ta rage karatun duniya. Shi ya fito da ita fili, shi kuma ya tsawatar!

A watan Maris na 1691 ta mayar da amsa, cikin ladabi, ba zagi ko ɗaya. An kafa mata hujja da maganar Manzo Bulus cewa mata su yi shiru a majami'a, sai ta bi ayar da kanta, ta ce wa'azi a bainar jama'a aka hana, ba karatu da koyarwa a gida ba. Ta kawo misalin mata masu hikima daga Littafi Mai Tsarki, irin su annabiya Debora da Sarauniyar Sheba. Ta tambaya: in ita ba ta isa ta saɓa wa Vieira ba, shi wa ya ba shi ikon saɓa wa magabatan malaman coci?

Wurin da ya fi burge ni shi ne madafi. Wata shugabarsu ta taɓa hana ta taɓa littafi kusan wata uku, Juana ta ce ko a jikinta, komai Allah ya halitta littafi ne. Ta lura ƙwai yana haɗewa in an soya shi a mai, amma a ruwan sukari sai ya watse. Har ta ce da Aristotle, babban masanin falsafar Girka, ya yi girki, da ya fi haka rubutu. Ki tuna wannan ranar da na sa ki tuƙa tuwo kina kumbura baki.

Ƙarshenta bai yi daɗi ba, ban ɓoye miki. An matsa mata har ta rabu da littattafanta, ta rasu a 1695 tana jinyar 'yan'uwanta sistoci a annoba.

To, ki koma wurin malamin nan ki gaishe shi, da littafinki a hannu, shafin a buɗe. In ya fi ki hujja, ki karɓa. Kuma ki kula da mai cewa "rubuto mini ra'ayinki" don ya yaɗa.

Babanki yana gaishe ki. Yajin da kika ce yana hannun direba.

Mahaifiyarki