A fara da barga kafin a ba yaro linzami

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da sarakunan zango da masu dawaki na Accra a kan yadda samarinmu suke koyon hawa, tun Sallah ba ta ƙaraso ba.

Ina son hawan Sallah, kuma ba na fatan ranar da za a daina shi. Idan aka sauko daga idi dawaki suka cika babban titin Nima, ana kiɗa, mata suna guɗa, ko wanda bai taɓa taka Kano ba yakan tuna asalinsa. Abin da yake damuna shi ne mahayan sun iya sukuwa, sun iya sa doki ya miƙe da ƙafa biyu, amma da yawansu ba su san abin da ke ƙarƙashin sirdi ba. Na tsaya kusa da wani doki kili da aka sauke wa kaya da yamma. Da aka ɗaga jalala, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi, sai ga gyambo kamar faɗin tafin hannu a doronsa, gashin wajen ya manne da jini, ƙudaje suka yi masa caa. Gefen bakinsa ya tsage saboda fizgar linzami. Yaron da ya hau shi ba mugu ba ne, yana ma shafa wuyansa. Na ce masa, "Ɗana, yaushe rabonsa da ruwa?" Ya ce tun safe, wai an gaya masa in doki ya sha ruwa ba ya gudu.

Wa ya koya masa haka? Wani yaro ɗan'uwansa. Nan matsalar take. A da, a gidajen sarauta, yaro yakan daɗe a barga yana share kashi, yana yankan ciyawa, yana wanka da goge doki, kafin Shamaki, mai kula da dawakin sarki, ya yarda ya sa ƙafa a likkafa. Mu yanzu mun ɗauki ƙarshen karatun mun bar farkonsa.

Ga shi kuwa doki a wannan ƙasa tamu ta kudu yana bukatar kulawa fiye da a arewa. A kurmi ƙudan tsando yana sa masa cutar sammore, shi ya sa Asante ba su yi rundunar dawaki irin ta Dagomba ba. A Accra kuma akwai zafi da gumi, babu wurin kiwo, ga kwalta. Doki yana shan ruwa lita 25 zuwa 50 a yini, ya fi haka idan ya yi aiki cikin rana. Tumbinsa ƙarami ne, kuma Allah bai yi shi yana amai ba, saboda haka kaɗan-kaɗan yake ci, kusan duk yini. Wanda ya bar shi da yunwa sannan ya zuba masa dusa ko gero tuli guda, ko ya sake shi a juji yana tsintar abinci cikin leda, ya jawo masa murɗewar ciki, kuma wannan ciwo yana kashe doki cikin dare ɗaya. Ciyawa da harawa su ne asalin cimarsa, hatsi ƙari ne. Kofato yana so a gyara shi duk bayan mako 6 zuwa 8. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 ko 6, amma sai ka ga ƙato a kan duƙushi. Masana sun ce kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin dokin. A tuna da wannan idan an ga manya biyu a kan doki ɗaya a bakin teku ranar Lahadi, yana lumewa cikin yashi daga hantsi har magariba.

Maganar linzami ita ta fi ci mini rai. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun gwani, taɓawa kaɗan ta isa. A hannun ɗan koyo da yake rataya da shi don kada ya faɗi, azaba ce. Ya kamata yaro ya fara koyon zama daidai a kan sirdi, malaminsa yana riƙe da ragama, ana kilisa a hankali a fili mai ƙasa, har sai ya daina neman tsira da bakin doki. Ƙaimi da bulala su jira. Dukan fuska kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kuma malamanmu sun san hadisin.

Na san masu dawakin haya za su ce da wannan sana'a suke ci da iyali, kuma harawa ta yi tsada. Gaskiya ne, ba na raina wahalarsu. Amma dokin da ya gurgunce wa zai ciyar?

Roƙona ga sarakunanmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, Allah ya ja zamaninku: ku tara dattawan da suka san doki, akwai su a cikinmu, a ware safiyar Asabar ana koya wa yara aikin barga. A gayyato likitan dabbobi daga Jami'ar Ghana ta Legon ko daga ma'aikatar gona ya duba haƙori da kofato, ya yi allurar rigakafi da maganin tsutsa da kaska. Ranar hawa kuma a sa mutum ɗaya ya ɗaga jalalar kowane doki kafin a fito, wanda aka samu da gyambo ya zauna a turke, ko na wane ne. A ajiye durom na ruwa a kan hanya, kuma a hana sukuwa a kan kwalta.

Kai kuma Malam Edita, ka taimaka ka tura wakilinka bargunan unguwanninmu da bakin teku kafin Sallah, ya ji ta bakin masu dawakin da kansu.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Nima, Accra