Kofin 1979 na mutanen Seattle ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na gode da filin da kuke ba ƙwallon kwando a shafin wasanni, domin mu masu bibiyarsa ba kasafai ake tunawa da mu ba. Sai dai akwai ƙorafi guda da nake da shi. Tun da Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, na 2025, masu sharhi da yawa ke cewa wannan shi ne kofinta na biyu, na farkon a 1979. A kan takarda haka ne, domin tsohuwar ƙungiyar Seattle ce aka mayar Oklahoma aka sauya mata suna. Amma a 1979 babu wata ƙungiya mai suna Thunder. Wadda ta ci kofin ita ce Seattle SuperSonics, ƙungiyar da aka ƙwace daga hannun magoya bayanta da rana tsaka, kuma ya kamata matasanmu su san yadda abin ya faru.

An kafa Sonics a 1967 a birnin Seattle da ke jihar Washington, arewa maso yammacin Amurka. Sunan ya samo asali ne daga jirgin sama mai gudun wuce sauti da kamfanin Boeing ke shirin ƙerawa a yankin. A 1971 aka soke aikin jirgin, ƙungiyar kuwa ta yi shekara 41 tana wasa. A kakar 1977 zuwa 1978 ta fara da ƙafar hagu, ta ci wasa 5 kacal cikin 22 na farko. Aka miƙa wa Lenny Wilkens ragamar horarwa, ya kai ta har zagayen ƙarshe, wanda sai ƙungiya ta ci wasa huɗu take ɗaukar kofi, inda Washington Bullets ta yi nasara da ƙyar a karawa ta bakwai. Shekara na zagayowa suka sake haɗuwa, Sonics ta rama da 4 da 1, Dennis Johnson ya zama gwarzon wasannin, ga Gus Williams da Jack Sikma a gefensa.

Mu dai da muka buɗe ido a shekarun 1990, Sonics ɗin Gary Payton da Shawn Kemp muka sani. Payton ya jefa ƙwallo sama kusa da kwando, Kemp ya tashi ya cafke ta a iska ya zura ta da ƙarfin da sai ƙarfen ya girgiza. A 1996 sun ci wasa 64, suka fitar da Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon da 4 da nema (abin da ya yi mana zafi a nan gida, tunda namu ne, kuma shi ke riƙe da kofin), sannan suka tari Chicago Bulls ta Michael Jordan wadda ta ci wasa 72 a kakar. Bulls ta cinye uku na farko. Daga nan koci George Karl ya ɗora Payton a kan Jordan, ya manne masa kamar ƙaya a zani, Seattle ta ci biyu a jere kafin ta faɗi a na shida. Kada a manta kuma ɗan Najeriya Olumide Oyedeji ta ƙofar Sonics ya shiga NBA a 2000.

To me ya kashe ta? Kuɗin gina zauren wasa. An gyara zaurenta, KeyArena, a 1995 da taimakon birni, amma bayan shekara goma mai ƙungiyar, Howard Schultz na kamfanin Starbucks, ya ce zauren ya yi ƙanƙanta, a sake zuba kuɗin haraji. Jama'a sun riga sun biya kuɗin manyan filaye biyu na wasu wasannin, 'yan majalisar jiha suka ƙi. A 2006 Schultz ya sayar da ita kan dala miliyan 350 ga wasu attajirai 'yan Oklahoma ƙarƙashin Clay Bennett, bisa sharaɗin za su yi iya ƙoƙarinsu ta zauna a Seattle. Ba a je ko'ina ba ɗaya daga cikinsu, Aubrey McClendon, ya faɗa wa wata jarida cewa ba don su bar ta a Seattle suka saya ba. NBA ta ci shi tarar dala 250,000, amma a Afrilun 2008 masu ƙungiyoyi suka amince da ƙaurar zuwa Oklahoma City da ƙuri'a 28 da 2.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasansu na ƙarshe a gida a watan Afrilun 2008. Ƙungiya ce da ta ci wasa 20 kawai cikin 82, duk da haka mutane suka zo sanye da kore da ruwan ɗorawa, suka miƙe tsaye suna ihun a ceci Sonics ɗinsu, matashi Kevin Durant ɗan shekara 19 yana ɗaga musu hannu su ƙara murya. Sun doke Dallas a daren. A Yuli birnin ya karɓi dala miliyan 45 ya saki yarjejeniyar hayar zauren wadda sai 2010 za ta ƙare, aka kwashe Durant da Russell Westbrook, wanda Seattle ta zaɓa kwanaki kaɗan kafin nan, zuwa Oklahoma.

Ban ga laifin mutanen Oklahoma ba, sun riƙe ƙungiyarsu da hannu bibbiyu. Ban kuma ga laifin talakan Seattle da ya ƙi biyan haraji don attajiri ya ƙara riba ba. Laifin na wanda ya sayar ne da waɗanda suka saya da wata manufa a zuci, da hukumar da ta sa musu hannu.

A yarjejeniyar rabuwar an bar suna da launin riga a Seattle, kofin 1979 da tutocin ƙungiyar kuma suna ajiye a gidan tarihin birnin. An sake gina zauren, an buɗe shi a 2021 da sunan Climate Pledge Arena. Roƙona, ranka ya daɗe, duk lokacin da za a ambaci kofin 1979 a shafinku, a rubuta Seattle SuperSonics, kuma a ware wata rana a ba da cikakken tarihinta.

Naku,
Mai karatu daga Kano