Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Man Fetur Ta Gana, NPA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai walda ne a Ashaiman, kuma kullum in na fita aiki sai na hangi tankunan mai da na gas na Tema. Su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Ranar 12 ga Disamba 2022 ƙasa ta motsa a Akara. Mutane suka fito waje suna salati, ni kuwa zuciyata tana kan tankunan nan. Ai ba yau aka fara ba. Girgizar 22 ga Yuni 1939 ta kashe mutum 17 a Akara, matatar Tema kuwa sai 1963 ta fara aiki. Ke nan babu tanki ko ɗaya a Tema da ya taɓa ɗanɗana irin waccan jijjiga.

Duk wanda ya taɓa ɗauko bokiti cike da ruwa a ka ya san abin da nake nufi: kana yin tuntuɓe sai ruwan ya yi tambal-tambal ya bugi gefe. Haka mai yake yi a cikin tanki, sai dai nauyinsa dubban tan ne. Gindin tankin yakan lotse ya kumbura, abin da injiniyoyi ke kira ƙafar giwa. Bututun da aka ɗaure tamau babu wurin lanƙwasa yakan tsinke daidai bakin walda, wurin da hannun irinmu ya taɓa. A Izmit ta Turkiyya, ranar 17 ga Agusta 1999, girgizar ƙasa ta sa rufin tanki da ke yawo a kan mai ya gogi bangon tankin, tartsatsi ya tashi, matatar Tüpraş ta yi kwanaki tana ci. Girgizar ta fasa bututun ruwan da za a kashe wutar da shi. A Chiba ta Japan kuma, a girgizar ƙasa ta 2011, ƙafafun wani tankin gas da aka cika da ruwa don bincike suka karye, ya faɗa kan bututu, wuta ta yi kwana goma.

Gana ta samu dokar gine-gine a 2018, mun gode Allah. Amma tankunan da suka girme ta fa? Roƙona shi ne kada a sabunta lasisin kowace ma'ajiya sai injiniya mai zaman kansa ya duba kusoshin gindi, da ƙafafu, da bututu, da katangar da ke tare mai in ya malalo, ya sa hannu cewa za su jure girgiza irin ta 1939. A sa makunnin da ke rufe kansa da zarar ƙasa ta motsa, a kuma tanadi ruwan kashe gobara da bai dogara da wutar lantarki ba.

Mun ga abin da fashewar gas ta yi a Atomic Junction na Akara a Oktoban 2017, alhali gidan gas ɗaya ne. Mu da 'ya'yanmu muna kwana kusa da Tema. A gaya mana sakamakon binciken a rediyo, da Hausa da Twi da Ga, mu ji da kunnenmu.

Allah ya taimake ka a kan wannan amana.

Naka,
Wani mai walda daga Ashaiman